Auren dole: Fim ɗin da har yau ba a yi wa 'yan matan Jega ba

Idan aka ce a ƙirga finafinan Hausa da aka gina labarinsu a kan auren dole, tun daga zamanin kaset har zuwa wannan zamani na masu dogon zango a YouTube, to mai ƙirgar sai ya gaji ya bari. Kowane mai kallo ya haddace yadda abin yake tafiya. Yarinya kyakkyawa tana da saurayinta talaka, ɗan makaranta ko bakanike. Can sai ga wani Alhaji mai tumbi da doguwar mota ya zo ya sauke wa iyayenta buhun shinkafa da turamen atamfa. Uba ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga murya: "Na riga na yanke magana, ko ki so ko ki ƙi, Alhaji za ki aura!" Uwa ta koma gefe tana sharar hawaye da bakin zane. Daga nan sai a yanko waƙa, a ga jarumi da jaruma cikin fulawoyi suna zagaya bishiya. A ƙarshe ko dai Alhaji ya yi haɗarin mota, ko asirinsa ya tonu ashe ɗan fashi ne, ko kuma uba ya yi nadama a bakin gadon asibiti. Shi ke nan, an faɗakar.

To amma fa akwai abin lura. Ita jarumar da ake yi wa dolen a fim, shekarunta sun haura 20, ta san ciwon kanta, ta iya tsara zance, kuma rigimarta ɗaya ce tak: tana son wane, ba ta son wane. Ita kuwa wadda ake yi wa dolen gaske a ƙauyukan Arewa, sau da yawa 'yar shekara 13 ce ko 14. Ba ta da wani saurayi da za ta yi waƙa da shi. Aji ɗaya take a ƙaramar sakandare, ko kuma farantin talla ne a kanta. Ranar da aka ɗaura aurenta ma wataƙila a wajen ƙawayenta ta fara jin labari. Wannan yarinya, kyamarar Kaniwud ba ta cika juyawa ta kalle ta ba.

Garuruwa uku a kan hanya ɗaya

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Koko da Yawuri, ya san Aliero da Jega da Maiyama. Ƙananan hukumomi ne guda uku a jihar Kebbi, dukansu a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da kuma masu ɗorin karaya, waɗanda ake kawo musu majinyata daga nesa. Jega tsohuwar cibiyar kasuwanci ce tun ƙarni na 19, ita ce mahaɗar da ake karkatawa zuwa Birnin Kebbi. Maiyama kuwa ƙasar manoma ce, da garuruwa irin su Andarai da Mungadi da Sambawa.

Mutanen nan 'yan kallo ne na gani-kashe-ni. Da can shagunan haya na kaset ne, yanzu kuma masu tura finafinai a waya ne, saurayi ya miƙa memori a cika masa da sababbin fitowa. Matan aure a cikin gida su ne manyan kwastomomi. Ke nan duk abin da furodusa ya dafa a Kano, a ɗakunan matan Jega ake cinye shi.

Kuma ba za a ce yankin babu makarantu ba. Tun 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha. Garin ne ya haifi Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Abin takaicin shi ne, yarinya za ta iya tashi tana hango ginin jami'a daga gonar albasar babanta, amma ba za ta taɓa taka ƙofarta ba, domin tun kafin ta gama aji uku an kai ta ɗaki.

Kada kuma a ɗauka iyayen nan mugaye ne kamar yadda fim yake nuna su. Uban da ya aurar da 'yarsa da wuri, yawanci tsoro ne yake cinsa. Yana tsoron abin kunya. Yana tsoron yawon talla a tasha da bakin kasuwa. Makarantar sakandare ta yi nisa da ƙauyensu, ga kuɗin mota, ga littattafai, ga baki goma a gida. Sannan ga matsalar tsaro: a watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sake ɗauke 'yan mata a makarantar kwana ta Maga. Uban da ya ji wannan labari a rediyo, ba abin mamaki ba ne idan ya ce gara ɗakin miji da ɗakin kwanan ɗalibai. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya faru a Bena

Manya a Kebbi ba su manta da shekarar 1987 ba. A lokacin ba a ma ƙirƙiro jihar ba, domin sai a 1991 aka cire ta daga tsohuwar jihar Sakkwato. A garin Bena, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a ƙasar Zuru, an ɗaura wa wata yarinya aure tana 'yar shekara 9 da wani magidanci da ya haife ta. Da aka kai ta ɗakinsa sai ta riƙa gudowa gida, ana mayar da ita. A gudun ƙarshe, kamar yadda jaridun lokacin suka ruwaito, mijin ya sassare mata ƙafafu don kada ta sake gudu. Ta rasu a asibiti a Sakkwato tana da shekara 12. Labarin ya girgiza Nijeriya, har jaridun Amurka sai da suka buga shi.

Yau kusan shekara 40 ke nan. An yi finafinai a kan kishiya, an yi a kan uwar miji, an yi a kan aljanu da bokaye, an kwaikwayi na Indiya har an gaji. Amma tambayar da labarin Bena ya bari, wato ina yarinya za ta nufa idan gidan ubanta ma mayar da ita ake yi, har yanzu tana nan tana jiran darakta mai zuciya.

Dokoki uku a kan yarinya ɗaya

Abin da ya sa batun yake da sarƙaƙiya shi ne, dokoki uku ne suke ja-in-ja a kan yarinya ɗaya, kowace da bakin da take magana.

Ta farko ita ce al'ada. Ita ba a rubuce take ba, amma ta fi sauran ƙarfi a ƙauye. Ita ce take cewa yarinya ba ta yin al'ada sau biyu ko uku a gidan ubanta. Ita ce ta kawo "na ba ka ita" tun yarinya tana goye, da auren zumunci na dole, da auren biyan bashi ko saka alheri. A ƙarƙashinta kaka ma tana iya yanke hukunci, baffa ma yana iya yankewa, kuma duk wanda ya ja da su an ce ba shi da tarbiyya.

Ta biyu ita ce Shari'ar Musulunci, wadda jihar Kebbi ta faɗaɗa aiki da ita a shekarar 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero. Amma tun kafin nan ma auren Musulmi a hannun alƙalai yake. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Arewa, uba yana da ikon da malamai suke kira ijbari, wato ya aurar da 'yarsa budurwa. A nan ne mutane da yawa suke tsayawa, ba su ƙarasa karatun ba. Wannan iko na uba ne shi kaɗai, sai kuma wanda ya bar wa wasiyya a kan haka. Baffa ba shi da shi, yaya ba shi da shi, kaka ba ta da shi, mai unguwa ba shi da shi. Sannan an ba uba ikon ne don maslahar yarinyar, shi ya sa malamai suka ce ba zai tilasta mata mai aibin da zai cutar da ita ba. Haka kuma sun bambanta ɗaurin aure da tarewa, suka ce ba a miƙa yarinya ga miji sai jikinta ya iya ɗaukar zaman aure. Idan kuwa cutarwa ta tabbata, alƙali yana da ikon raba auren.

Ta uku ita ce dokar gwamnati. A 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kafa dokar kare haƙƙin yara. Sashe na 21 ya ce duk wanda bai kai shekara 18 ba, aurensa bai ƙullu ba. Sashe na 22 ya hana yi wa yaro baiko. Sashe na 23 ya tanadi tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 5, ko a haɗa wa mutum duka biyun.

Mai karatu zai ce, to ai magana ta ƙare. Ina! Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yin doka a kan aure, amma a abu na 61 na jerin ikonta ya cire auren Musulunci da na al'ada. Ke nan dokar 2003 a Abuja take da haƙori, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Jihohin Arewa da yawa suka yi ta jan ƙafa saboda maganar shekara 18 ɗin nan. Kebbi sai a 2022 Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jiha, tare da dokar hana cin zarafin jama'a, shekara 19 bayan ta tarayya. Kano kuwa, hedikwatar 'yan fim, sai a 2023.

Akwai kuma sashe na 29(4)(b) na tsarin mulki, wanda yake magana a kan barin zama ɗan ƙasa, inda ya ce duk macen da ta yi aure ana ɗaukarta a matsayin wadda ta kai shekarun girma. A watan Yuli na 2013 Majalisar Dattawa ta so goge shi, Sanata Ahmed Sani Yariman Bakura ya tashi ya ce gogewar ta saɓa wa Musulunci, aka sake ƙuri'a, ba a samu kashi biyu bisa uku ba, sashen ya zauna daram. Ƙasar ta ɗauki zafi, har 'yar wasan Kudu Stella Damasus ta fitar da bidiyo tana caccakar sanatoci. Kudu na zagin Arewa, Arewa na ramawa, ita kuwa yarinyar da ake rigimar a kanta tana can tana daka a gidan miji, ba ta ma san ana yi ba.

To ka ji inda gizo yake saƙa. Al'ada ta ce an gama magana. Dokar gwamnati ta ce auren bai ƙullu ba, amma tana cikin littafi a ofis. Shari'a tana da ƙofofin ceto, amma ba a koya wa yarinya inda suke ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 43 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su kai 18. A maƙwabciya Jamhuriyar Nijar adadin ya kai kashi 76, wanda ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Rijiya, guba da tashar mota

Yanzu a dawo kan 'yan fim, domin nan ne laifinsu yake. Idan an yi wa jaruma auren dole, wace mafita ake nuna mata? Uku ne ba su cika wucewa ba. Ko ta faɗa rijiya, ko ta sha guba ko ta zuba wa wani, ko kuma ta ɗaure kayanta da asuba ta nufi tashar mota, daga nan sai bariki.

Masu dogon tunani za su tuna da "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino, littafin da ya yi tashe a farkon shekarun 1990 kuma aka mayar da shi fim. A cikinsa Sumayya ta faɗa rijiya saboda an raba ta da Muhammad za a ba ta Abdulƙadir mai kuɗi. Marubucin ya yi ne don ya tsoratar da iyaye, kuma a zamaninsa ya yi jarunta da ya taɓo batun. Sai dai waɗanda suka biyo baya sun ɗauki rijiyar sun bar darasin. Shekara 30 ana maimaita abu ɗaya.

A rayuwa ta gaske kuwa, guba ba ta ƙarewa da waƙa. A watan Afrilu na 2014, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gaya ta jihar Kano, wata amarya 'yar shekara 14 ta zuba maganin ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan an kai ta ɗakin wani mai shekara 35. Mijin ya mutu, wasu mutum uku ma suka mutu. Aka gurfanar da ita a babbar kotu da tuhumar da hukuncinta kisa ne, ta yi fiye da shekara a tsare, sai a 2015 gwamnatin jihar ta janye ƙarar. Rayuka huɗu sun salwanta, ita kuma ta tashi da tabon da ba ya gogewa.

Ba wanda zai ce fim ne ya sa ta. Amma tambayar ita ce, yarinyar Maiyama da ta kalli finafinan auren dole guda 50, a cikin guda nawa ta ga jaruma ta je wajen limamin garinsu, ko gaban hakimi, ko ofishin Hisba, ko zauren alƙali, ta faɗi damuwarta kuma aka saurare ta? A finafinan Hausa kotu wajen rabon gado ce da shari'ar kisan kai. Ba a cika nuna ta a matsayin wajen da ƙaramar yarinya za ta samu gata ba.

Ƙofar tana nan, ba a nuna ta ne kawai

Alhali kuwa ƙofar ta daɗe a buɗe. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wajen Manzon Allah (SAW), ya warware auren. A cikin Sunan Abi Dawud kuma akwai na wata budurwa da ta kawo irin wannan ƙara, aka ba ta zaɓi. Duk ɗalibin islamiyya a Jega zai iya tambayar malaminsa ya buɗe masa wajen.

A nan gida ma an yi. A tsakiyar shekarun 1980 wata shari'a ta taso daga jihar Neja har ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna. Uba ne ya ba 'yarsa dama ta zaɓa cikin manemanta, daga baya kuma ya juya ya ɗaura mata da wanda ba ta so. Kotu ta duba littattafan Malikiyya ta ce tunda ya riga ya ba ta zaɓi, ikonsa na ijbari ya faɗi. Lauyoyi har yau suna kafa hujja da wannan hukunci. Wane marubucin fim ne ya taɓa neman sanin yadda aka yi?

Ga kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, firamare da ƙaramar sakandare, har da tanadin gargaɗi da tara ga uban da ya ƙi. Kebbi tana cikin jihohi 7 na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 don tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare. Duk waɗannan kayan labari ne, suna zube a ƙasa ba mai ɗauka.

Ɗakin da kyamara ba ta shiga

Akwai wani waje a Birnin Kebbi da ya kamata duk mai son rubuta labarin auren wuri ya fara ziyarta, wato cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse. Irinta ce ake da ita a Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana yi wa dubban mata aiki.

Yadda ciwon yake samuwa ba boyayye ba ne. Yarinya ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba. Naƙuda ta zo, kan jariri ya kasa wucewa, a yi kwana biyu ko uku ana fama a gida ana jiƙa rubutu. Kan jaririn ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zagayawa a wajen, naman ya mutu ya huje. Yawanci jaririn ba ya zuwa da rai, ita kuma ta tashi fitsari yana zuba ba tsayawa. Ƙarancin shekaru ba shi kaɗai ne sanadi ba, akwai nisan asibiti da jinkirin kai mai naƙuda da kuma yankan gishiri, amma ƙaramar yarinya ta fi kowa shiga haɗarin. Daga nan sai miji ya fara ƙyama, sai takarda. Yarinyar da aka aurar don gudun abin kunya ta dawo gidan ubanta tana ɓuya a bayan ɗaki.

Abin kunya ga Kaniwud shi ne, 'yar Kudu ce ta riga su yin wannan fim. Stephanie Okereke Linus ta shirya "Dry", labarin Halima 'yar shekara 13, wadda Zubaida Ibrahim Fagge ta fito a matsayinta. Fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2016. Ya yi ƙoƙari matuƙa, sai dai yawancinsa da Turanci ne, kuma an yi shi ne don silima da bukukuwan ƙasashen waje. Matar da take ƙauyen Sambawa ba ta gan shi ba.

Wasu sun yi, ba su mutu ba

Furodusoshi za su ce batun yana da zafi. Akwai hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa tun 2001, akwai malamai masu jiran ƙiris su hau mumbari, ga kuma tsoron a ce mutum ɗan kwangilar Turawa ne. Gaskiya ne, tsoron yana da dalili. Amma wasu sun taka wajen sun wuce lafiya.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. A 1990 ta fitar da "Wa Zai Auri Jahila?", labarin Abu, wadda aka cire daga makaranta aka haɗa ta da tsoho Sarkin Noma. Abu ba ta faɗa rijiya ba, ba ta nemi guba ba. Ta koma karatu ne har ta zama abin kwatance. Littafin yana nan, marubuciyar kuma 'yar industiri ce, ita ta shirya "Juyin Sarauta".

A ƙasar Yaman, a 2008, Nujud Ali 'yar shekara 10 ta shiga motar haya ita kaɗai ta tafi kotu a birnin San'a ta nemi a raba aurenta, kuma alƙali ya raba. Darakta Khadija Al-Salami, wadda ita ma aka aurar tana shekara 11, ta mayar da labarin fim a 2014. Su ma Indiyawan da ake kwaikwayo sun yi "Balika Vadhu", wanda aka fara nunawa a 2008 aka shafe shekara 8 ana yi, duk a kan auren ƙananan yara. An kwaiko musu rawa, an bar musu wannan.

Kuma ƙayyade shekarun aure ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Musulmi. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta mayar da shi 18 a 2004, ta bar wa alƙali ikon duba uzuri. Masar ta hana rajistar auren wanda bai kai 18 ba tun 2008. Saudiyya a dokarta ta iyali ta 2022 ta ce auren ƙasa da 18 sai ya bi ta kotu. A Kano ma Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar kundin dokar iyali a 2017.

Balle kuma ƙasar Gwandu, wadda ba ta buƙatar aron hujja daga waje. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin "Nurul Albab" ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Fim ɗin da ya tsaya a kan wannan tushe, wa zai ce masa ɗan kwangila?

Ga shawara ga mai rabo

Furodusan da ya shirya, ga yadda zai ci riba duniya da lahira. Ya kwashi ma'aikatansa ya tafi lokeshin a Jega ko Aliero lokacin cirar albasa, sa'ar da kuɗi suke shigowa ake ta ɗaure-ɗauren aure. Ya bar 'yan wasa su yi harshen yankin, a ji "ɗiyata" da "mi ya faru" da "wanga yaro", ba Kananci a bakin manomin Maiyama ba. Ya nemi yarinya mai shekarun labarin da yardar iyayenta, a kiyaye mutuncinta, kada a sa ta a wani yanayi da bai dace da yaro ba.

Kada a mayar da uban dodo. A nuna shi mutumin kirki mai son 'yarsa, wanda bashi da tsoro da surutun dangi suka yi masa katutu. A sa baffa ne mai matsa lamba, don mai kallo ya ji da kunnensa lokacin da alƙali zai ce masa: "Malam, kai ba ka da wannan iko a Shari'a." A sa malamar makaranta ko inna ko gwaggo wadda za ta riƙe hannun yarinyar ta kai ta inda za a saurare ta. Kafin a rubuta fitowar kotu, a zauna da alƙali na gaske da lauya da ma'aikaciyar jinya daga Gesse, kada a yi shaci-faɗi. Waƙa ma a saka, ai ba a hana ba, amma ta zama ta yarinya da allonta da jakar makarantarta.

Masu cewa ba zai yi kasuwa ba, su tuna su wa suke sayen finafinan. Mata ne, kuma da yawansu labarin rayuwarsu ne za a ba su. Wadda aka kai ɗaki tana shekara 13, yau tana da 'ya mai shekara 12, kuma maganar aurenta ta fara tasowa a zaure. Idan ta ga hanya a fim, wataƙila ta samu abin da za ta faɗa wa maigida da daddare.

Su ma 'yan kallo da nasu aikin. Masu rubuto wasiƙu suna tambayar wace jaruma ce ta fi iya rawa, ko wane jarumi ne zai auri wace, su ƙara da tambaya ɗaya ga gwanayensu da shugabannin MOPPAN: yaushe za a yi fim ɗin yarinyar da ta je gaban alƙali ta dawo makaranta? 'Yan fim kullum suna cewa su masu faɗakarwa ne. To ga fili ga mai doki.

Allah ya kare 'yan matan Jega da Aliero da Maiyama da na sauran garuruwa, ya ba iyaye ikon sauke amana. Sai an haɗu a fitowa ta gaba.